Hanya a Wuyan Baitulmali: Tarihin Ɗaukar Nauyin Hanyoyin Ƙasar Zuru a Ma'aunin Fiƙihu

Tsakure

Wannan maƙala ta bibiyi yadda hukumomi suka riƙa ɗaukar nauyin hanyoyin ƙasar Zuru, tun daga zamanin fatake har zuwa zamanin sukuk, ta kuma auna wannan tarihi da ƙa'idojin baitulmali da malaman fiƙihu suka shimfiɗa. Ta nuna cewa kowace hukuma ta ɗauki hanyar Zuru a matsayin alherin da ake yi idan kuɗi ya yi rara, alhali hanyar da jama'a ba su da madadinta wajibi ce da ba ta faɗuwa daga wuyan shugaba.

1.0 Gabatarwa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Masarautar Zuru tana kudu maso gabashin Jihar Kebbi, ta ƙunshi ƙananan hukumomi huɗu: Zuru, Fakai, Sakaba da Danko/Wasagu. Ƙasa ce ta duwatsu da rafuka, mazaunin Dakarkari da Fakkawa da Dukawa da Kambari da Hausawa da Fulani, inda Musulmi da Kirista da masu addinin gargajiya suke cin kasuwa ɗaya. Ƙofofinta huɗu ne. Ta yamma ta bi Dabai da Mahuta ta faɗa Koko, inda ta haɗu da babbar hanyar Jega zuwa Yawuri da Kontagora. Ta kudu ta bi Rijau zuwa Kontagora. Ta arewa ta nufi Daki Takwas a Jihar Zamfara, ta gabas kuma ta bi Ribah zuwa Wasagu da Bena. Jirgin ƙasa bai taɓa ratsa ƙasar ba, kuma babu kogin da jirgin fito zai ɗauki kaya a kansa. Duk buhun dawa da zai fita, da duk majinyacin da za a kai babban asibiti, sai ta ɗaya daga cikin waɗannan ƙofofi.

Tambayar ita ce: a wuyan wa nauyin waɗannan hanyoyi yake, kuma daga wane asusu ake biyansa?

2.0 Matsayin hanya a fiƙihun baitulmali

Malamai sun rarrabe dukiyar hukuma gwargwadon mashigarta, kowace da mafitarta. Zakka tana da sinfofi takwas da aka ƙayyade a aya ta 60 ta Suratut Tauba, kuma jumhurun malamai sun tafi a kan cewa ba a gina hanya ko gada da ita. A mazhabar Malikiyya, Shaihu Halilu ya ambata a Muhtasar cewa ko ganuwar gari da jirgin yaƙi ba a yin su da zakka. Saboda haka nauyin hanya ya koma kan ɗaya ɓangaren, wato fai'i da harajin ƙasa da ushirin fatauci, dukiyar da ake kira ta masalihu domin an tanade ta don amfanin kowa.

Aikin magabata ya tabbatar da haka. Bayan shekarar fari ta 18H, Halifa Umar ɗan Haɗɗabi, Allah Ya yarda da shi, ya umarci Amru ɗan Asi ya sake haƙa mashigar ruwan da ta haɗa Nilu da Bahar Maliya, domin abincin Masar ya isa Hijaz. Alƙali Abu Yusuf (ya rasu 182H/798M) ya rubuta wa Haruna Rashid Kitabul Haraji, ya shawarce shi cewa idan talakawa suka kawo kukan toshewar tsofaffin magudanan ruwa, a aika amintacce ya duba tare da masana; in amfanin ya tabbata, a yi aikin daga baitulmali, kada a ɗora wa mutanen yankin.

Wanda ya fi tsefe mas'alar shi ne Mawardi (ya rasu 450H/1058M) a cikin Ahkamus Sulɗaniyya. Ya kasa abin da ke kan baitulmali gida biyu. Na farko shi ne abin da ake bin sa a matsayin musaya, kamar albashin soja da kuɗin makaman da aka saya. Wannan bashi ne, ko akwai kuɗi ko babu. Na biyu shi ne abin da ake yi don maslaha da sauƙaƙa wa jama'a. Wannan yana wajaba ne idan akwai kuɗi. To idan babu fa? A nan ya sake rarrabewa. Idan cutarwar ta game kowa, nauyin yana komawa kan al'umma a matsayin farilla ta kifaya. Idan ba ta game ba, wajibcin ya faɗi. Misalin da ya bayar na cutarwar da ba ta game ba shi ne hanya ta kusa da ta lalace alhali mutane suna da wata, ko da ta fi nisa.

Ashe ke nan ma'aunin shi ne samuwar madadi. Inda aka rasa madadi, hanya ta fita daga babin kyautatawa ta shiga babin larura, kuma talaucin baitulmali ba ya zama uzuri. Mawardi ya ƙara da cewa idan shugaba ya ciwo bashi da sunan baitulmali a inda hakan ya halatta, wanda ya gaje shi shi zai biya. Gazali (ya rasu 505H/1111M) da Shaɗibi (ya rasu 790H/1388M) sun halatta ɗora wa mawadata ƙarin kuɗi idan baitulmali ya ƙare kuma buƙata ta tabbata, gwargwadon buƙatar kawai. Shaɗibi ya sharɗanta adalcin shugaba, ya kuma ce ba a cin bashi sai ana sa ran shigowar abin biya.

3.0 Malaman ƙasar Hausa

Waɗannan ƙa'idoji ba baƙi ba ne a ƙasar Hausa. Shaihu Magili ya keɓe babi ga tara dukiya ta halal da wani ga kashe ta, a cikin nasihar da ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Kitabul Farƙi, ya lissafa kuɗaɗen da sarakuna ke ƙaƙaba wa talakawa ba bisa shari'a ba, ya sa su cikin alamomin mulkin zalunci. Ƙanensa Abdullahi ya yi bayanin mashigai da mafitan baitulmali a Liya'ul Hukkami. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello (ya rasu 1837) ya fi kowa fitowa fili: a Usulus Siyasa, wadda ya rubuta wa Sarkin Katsina Ummarun Dallaje, ya sanya gina garuruwa da gadoji da kula da kasuwanni da hanyoyi cikin ayyukan sarki, jere da raya sana'o'i.

Sai dai hanyar wancan zamani turba ce ta jakai da takarkarai, kuma abin da take buƙata shi ne aminci, da rijiya, da zango, da mafitar kogi. Ayarin fatake masu zuwa Gwanja sayen goro suna ratsa ƙasashen Kotonkoro da Yawuri, maƙwabtan Zuru, ƙarƙashin jagorancin madugu. Suna biyan kuɗin fito a bakin kogi, suna ba sarakunan hanya gaisuwa, su kuma sarakunan su lamunce musu tsaro. Ciniki ne bayyananne: an biya, an wuce lafiya.

Mutanen duwatsun Zuru ba su ci moriyar wannan ciniki sosai ba. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19, hare-haren Kontagora, zamanin Umaru Nagwamatse da ɗansa Ibrahim, sun sa al'ummu da dama suka ƙara maƙalewa a kan duwatsu. A wurinsu wahalar hanya garkuwa ce, domin turbar da ta yi wa ɗan kasuwa sauƙi ta yi wa mahayin doki sauƙi. Wajibi ne mai nazari ya faɗi wannan, domin tazarar da ke tsakanin abin da Bello ya rubuta da abin da ya gudana a bakin iyaka darasi ce a kanta.

4.0 Zamanin Turawa: baitulmali da aikin tilas

Turawan Ingila sun ci Kontagora a 1901, Sakkwato kuma a 1903, ƙasar Zuru ta shiga ƙarƙashin lardin Kontagora. Manufar Landan ita ce kowace ƙasar mallaka ta ciyar da kanta. Gwamna Lugga ya ɗora wa ayarin fatake kuɗin hanya, da hujjar cewa gwamnati ta kawo aminci kuma tana gyaran turba. An soke wannan kuɗi a 1907 bayan koke-koken 'yan kasuwa.

Babban kuɗin sufuri ya tafi ne ga layin dogo. An fara na Baro zuwa Kano a 1907, ya isa Kano a 1911. Reshen da ya tashi daga Zariya ya bi Gusau ya tsaya Ƙaura Namoda a 1929. An shata waɗannan layuka ne domin auduga da gyaɗa da kuza su isa bakin teku. Hanyoyin mota kuma aka mai da su masu yi wa tashar jirgi hidima, har gwamnati ta riƙa ɗari-ɗari da duk hanyar da za ta yi gogayya da jirgin ƙasa. Zuru ta faɗa tsakanin layuka: Zungeru da Minna can kudu, Gusau can arewa maso gabas.

Sauran hanyoyi an bar wa hukumomin En'e. Daga wajen 1911 aka yaɗa tsarin taskar En'e wanda Palmer ya soma a Katsina, kuma sunan da aka ba taskar shi ne baitulmali. Suna ne na shari'a, amma tsarin na Turawa ne: ana raba harajin kai da jangali tsakanin gwamnati da En'e, albashin sarki da hakimai da alƙalai da dogarai ya fara fita, abin da ya saura a yi ayyuka da shi. Sakamakon a bayyane yake. En'e mai yawan jama'a kamar Kano tana iya sayen kayan aiki ta gina gada, ƙaramar En'e kamar ta Zuru, wadda ta tattara gundumomin Dabai, Danko, Fakai, Sakaba da Wasagu, abin da ke hannunta kaɗan ne. Giɓin da kuɗi ya bari sai aka cike shi da jikin talaka. Dagatai suna fitar da mutane share hanya bayan kowace damina, kuma yawancin hanyoyin na rani ne, ruwa na sauka su yanke. Yarjejeniyar duniya ta 1930 da dokar aikin tilas ta 1933 sun taƙaita wannan, amma sun bar ƙofar ƙananan ayyukan gari a buɗe.

Idan aka ɗora wannan a ma'aunin Abu Yusuf, an juya ƙa'idar ne: talaka ya biya haraji, sannan ya biya da ƙarfinsa abin da harajin ya kamata ya ɗauke masa. Abin lura kuma, ƙasar Zuru ta shahara da ba rundunar Turawa sojoji, waɗanda suka yi yaƙi har Bama a Yaƙin Duniya na Biyu. Ƙasar da ke fitar da mazaje ba ta samu abin da ƙasar da ke fitar da gyaɗa ta samu ba, domin soja da ƙafarsa yake tafiya.

5.0 Bayan 'yancin kai: hanya ɗaya, iyayen gida uku

Nijeriya ta gaji rabon hanyoyi gida uku: na tarayya, na yanki ko jiha, da na ƙaramar hukuma. A 1974, lokacin da kuɗin man fetur ya bunƙasa, Gwamnatin Tarayya ta karɓi dubban kilomitoci daga hannun jihohi, har hanyoyinta suka kai kimanin kilomita 35,000 a yau. Karɓar ta zo da kwalta, ta kuma zo da nisa: wanda ke yanke hukunci a kan kwalbatin da ya karye a Fakai yana zaune Legas, daga baya Abuja.

Ita kanta Zuru ta yi ta sauya uwar gida. A 1967 tana Jihar Arewa maso Yamma. A 1976, da aka ƙirƙiri Jihar Neja daga tsohon lardin Neja, sai aka cire Zuru aka haɗa ta da Jihar Sakkwato. A ranar 27 ga Agusta 1991 ta koma Jihar Kebbi, a 1996 kuma aka yanke Zamfara daga Sakkwato. Da haka hanyar Rijau ta zama rabinta a Neja, ta Daki Takwas ta ƙare a Zamfara, kowace jiha tana kallon nata guntun a matsayin ƙarshen ƙasa. Hanyar da ta rage ta haɗa Zuru da Birnin Kebbi ba tare da dogon zagaye ba ita ce ta Dabai, Mahuta da Koko.

Gwamnatoci sun gwada asusu na musamman. Babangida ya kafa hukumar DFRRI a 1986 domin hanyoyin karkara. Zamanin Abacha aka kafa asusun rarar man fetur, PTF, ƙarƙashin Janar Muhammadu Buhari, ya gyara hanyoyi da dama kafin a rushe shi a 1999. A 2002 aka kafa hukumar gyaran hanyoyin tarayya, FERMA. Gyaran dokarta na 2007 ya tanadi kashi 5 cikin 100 na farashin fetur da gas domin kula da hanyoyi, kashi 40 na kuɗin ga hukumar, kashi 60 ga jihohi, amma tanadin bai samu aiwatarwa ba. Kafin nan gwamnatin Obasanjo ta riga ta rushe shingayen karɓar kuɗin hanya. Gyara ya koma dogaro da kasafin shekara-shekara.

A nan cutar take. Tsarin mulki ya ce shugaban ƙasa ya gabatar da ƙiyasi, majalisa ta amince, amma amincewa daban, sakin kuɗi daban. Albashi da biyan bashi su ake fara cirewa, kamar dai yadda Mawardi ya gabatar da abin da ake bin baitulmali, manyan ayyuka kuma su jira abin da ya saura. Ma'aikatar ayyuka tana riƙe da ɗaruruwan kwangiloli a lokaci guda, sai a yayyafa wa kowace ɗan abin da ba zai gama ta ba. Ɗan kwangila ya zuba jar ƙasa, kuɗi ya tsaya, damina ta wanke, farashi ya tashi, a sake ƙiyasi. Hanyar Koko zuwa Dabai, mai tsawon kimanin kilomita 87, ta shafe shekaru a wannan hali, har gwamnatin Jihar Kebbi ƙarƙashin Gwamna Nasir Idris, wanda ya hau mulki a 2023, ta nemi izinin tarayya ta karɓi aikin. Wato bayan kusan shekara hamsin da tarayya ta tattara hanyoyi a hannunta, jiha ce ta roƙi a bar ta ta ɗauki nauyin.

Kuɗin da kasafi bai biya ba, talaka ke biya: a faɗuwar farashin hatsi a Bena da Ribah, a kuɗin mota, a rayukan masu naƙuda. A shekarun da 'yan bindiga suka addabi Danko/Wasagu da Sakaba, lalacewar hanya ta zama jinkirin kai ɗauki. Abin da ya kasance garkuwa a ƙarni na 19 ya zama tarko a ƙarni na 21.

6.0 Sukuk da abin da ya gyara

A 2017 Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa ya fitar da sukuk na farko na Gwamnatin Tarayya, na naira biliyan 100, mai wa'adin shekara 7, bisa tsarin ijara. Masu zuba kuɗi suna mallakar rabo a cikin kadarar ta hannun wani kamfani da aka kafa don haka, gwamnati kuma tana biyan su haya. An raba kuɗin daidai ga shiyyoyi shida, kowace naira biliyan 16.67, a kan ayyukan hanya 25, cikinsu har da sassan hanyar Kano zuwa Maiduguri da ta Abuja zuwa Lokoja. An maimaita a 2018, 2020, 2021, 2022 da 2023, har jimillar ta haura naira tiriliyan 1.

Fa'idar sukuk ba ta tsaya ga guje wa riba ba. Tun da ingancin ijara yana buƙatar sanannen abin haya, dole a ambaci hanyar da sunanta, kuɗin ya zauna a asusunsa, kuma a biya ɗan kwangila bayan an tabbatar da aikinsa. Sharaɗin fiƙihu ya haifar da ɗa'ar kasafi wadda doka ta kasa haifarwa. Wannan yana da asali a tarihin Musulmi: Zubaida matar Haruna Rashid ta keɓe dukiyarta ga rijiyoyi da tafkuna a hanyar Kufa zuwa Makka, layin dogon Hijaz kuma, wanda ya isa Madina a 1908, an gina shi da asusu keɓantacce da Musulmin duniya suka taimaka wa.

Amma sukuk bai warware mas'alar zaɓi ba. Rabon daidai tsakanin shiyyoyi sulhu ne na siyasa, a cikin kowace shiyya kuma manyan hanyoyi masu cunkoso su ke gaba. Ma'aunin yawan motoci yana cutar da ƙasa irin Zuru sau biyu: hanyar ta lalace motoci sun ragu, raguwar kuma ta zama hujjar jinkirta gyara. Haka nan sukuk yana gina hanya ne, ba ya kula da ita bayan an gama, alhali hayarsa tana kan baitulmali har ƙarshen wa'adi.

7.0 Kammalawa

Tarihin ya nuna hukumomi uku da ma'auni uku. Turawa sun auna hanya da kayan da za ta kai bakin teku, En'e ta auna ta da abin da ya saura bayan albashi, tarayya kuma da yawan motoci da nauyin siyasa. Babu wadda ta yi tambayar Mawardi: shin mutanen nan suna da wata hanya? A ƙasar Zuru amsar ita ce babu, saboda haka hukuncin ƙofofinta hukuncin larura ne.

Abubuwa uku suke biyo baya. Na ɗaya, rashin madadi ya cancanci shiga ma'aunin zaɓen ayyuka, a kasafi da a sukuk. Na biyu, kammala aikin da aka fara ya gabaci buɗe sabo, domin alkawarin baitulmali yana bin kujera ne, kuma barin aiki rabi tozarta dukiya ne da shari'a ta hana. Na uku, kula da hanya yana buƙatar mashiga tabbatacciya. Kuɗin da aka karɓa da sanannen ƙima, aka kashe a kan abin da aka karɓa dominsa, ya sha bamban da makasu, wato kuɗin zalunci da hadisi ya yi gargaɗi a kansa.

Akwai kuma nauyi a kan malamai da ɗalibai. Kasafin tarayya da na jiha takardu ne da ake bugawa a fili, kuma karanta su, da tambayar nawa aka ware, nawa aka saki, nawa aka gani a ƙasa, yana cikin hisba da nasiha ga shugabanni. Hanyar Mahuta ba ta tambayar matafiyi addininsa, kuma haƙƙin da ke kan baitulmali na dukkan mazauna ƙasa ne. Allah Shi ne Mafi sani.